Na'ura Mai Ido Ta Shigo Cinikin Yazawa Da Auduga: Jan Hankali Ga Fataken Paraku Da Jugu

Duk wanda ya san tarihin fatauci ya san cewa ba yau Bahaushe ya fara sauka a garuruwan Paraku da Jugu na arewacin Jamhuriyar Benin ba. Tun zamanin ayarin jakuna, ta nan fatake ke ratsawa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, su yada zango a Nikki, su huta a Jugu, sannan su nausa Salaga. A wancan lokacin idon madugu da hannunsa su ne ma'aunin kaya. Har gobe kuma, idan mai karatu ya shiga kasuwar Arzeke ta Paraku, zai ga dillali ya damƙi kaya daga bakin buhu, ya murza, ya sansana, ya yanke farashi.

To amma fa yanzu akwai wani ido a can gaba, wanda ba ya gajiya, ba ya jin magiya, kuma ba ya sanin ɗan wane. Wannan ido shi ne na na'urar tsinta da ake girkawa a masana'antun sarrafa yazawa, riɗi, shinkafa da auduga, kuma hukuncin da ya yanke yana dawowa har aljihun ƙaramin ɗan kasuwar da ya tara kayan a ƙauye.

Yadda na'urar ke aiki

Aikin da mata ke yi da faifai a tsakar gida, shi na'urar ke yi, sai dai da gudun da hannu ba zai iya ba. Ana zuba kayan ta sama, su gangaro ta wata kwata mai santsi, su zubo tamkar ruwan indararo. A daidai inda suke faɗowa akwai fitilu masu haske da kyamarori gaba da baya, suna ɗaukar hoton kowace ƙwaya. Kwamfutar da ke ciki tana gwada launi da siffar ƙwayar da abin da aka saita mata. Da zarar ta ga baƙa, ko mai tabo, ko tsakuwa, sai wani ɗan bututu ya hura mata iska mai ƙarfi, ya fitar da ita gefe, masu kyau su wuce. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, kuma babbar na'ura kan tsince tan da dama cikin awa guda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Sortex ya fara ƙera irinta a Landan tun 1947, daga baya kamfanin Bühler na ƙasar Suwizalan ya saye shi. A yau kamfanonin Japan da Sin ma suna ƙerawa, kuma na Sin ɗin sun sa farashinta ya sauko, har ta kai ga injinan casar shinkafa da ɗakunan gyaran riɗi na Kano suna amfani da ita. Sababbin samfura suna haɗawa da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke bambanta ƙwaya da ɓawo ko roba ko da launinsu ɗaya.

Me ya shafi mai yazawa?

Yankunan Borgu da Donga, inda Paraku da Jugu suke, suna cikin wuraren da aka fi noman yazawa a Benin. Tun cikin shekarun 2000 aka kafa masana'antar Afokantan a Cawuru, kudu da Paraku, daga baya Tolaro Global ta biyo a wajen garin Paraku. A 2022 kuma gwamnatin ƙasar ta fitar da dokar hana fita da ɗanyar yazawa, ta sanya 1 ga Afrilun 2024 a matsayin ranar fara aiki da ita, da nufin a riƙa sarrafa kayan a cikin gida, musamman a yankin masana'antu na Glo-Djigbé kusa da Kwatano. Ma'ana, mai fasa yazawar ya matso kusa da mai tara ta, kuma ya fi saurin gane daga wane hannu mummunan kaya ya fito.

A masana'anta, bayan an turara yazawa an fasa, an busar, an cire jar fatar, sai a ware ƙwayar bisa girma da launi. Lambobin da ake gani jikin kwali, irin su W240 da W320, suna nufin farar ƙwaya cikakkiya, da adadin da ke cika laba ɗaya. Wadda ta yi ja, ko ta yi tabo, ko ta karye, darajarta ƙasa take. Tun da sai an fasa kilo huɗu zuwa biyar kafin a samu kilo ɗaya na ƙwaya, duk wadda aka hure gefe asara ce da mai masana'anta zai lissafa, kuma zai cire ta ne daga farashin da zai saya a gaba.

Sai dai kyamara ba ta ganin cikin ɓawo, shi ya sa har yanzu almakashi ke yanke hukunci a bakin sito. Ana ɗibar kilo ɗaya daga buhuna daban-daban, a tsaga kowace ƙwaya, a auna masu kyau, masu tabo da waɗanda ba su nuna ba a ba su rabin lissafi, ruɓaɓɓu a zubar. Sai a ninka nauyin giram ɗin da 0.176, a samu yawan labar ƙwaya a buhu mai kilo 80. Misali, giram 270 zai ba da laba 47 da rabi. Ɗan kasuwar da ya iya wannan lissafi da kansa, da wuya a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Auduga da zaren leda

Paraku kuma gari ne na auduga. Akwai masana'antun gurza, kuma nan aka kafa ɗakin tantance darajar audugar ƙasar tun zamanin hukumar SONAPRA, inda ake ba ta sunaye irin su Kaba, Bela da Zana. Benin ta noma sama da tan 700,000 a kakar 2020/2021, abin da ya sa ta a sahun gaba a Afirka. A kasuwar duniya ana gwada auduga da na'urar HVI, wadda ke auna tsawon zare, ƙarfinsa da launinsa, tana kuma ƙirga datti da kyamara. Amurka ta mayar da gwajin audugarta kan wannan na'ura tun 1991.

Audugar Afirka ta Yamma da hannu ake tsinkarta, don haka ta fi tsabta. Babban tabonta shi ne zaren buhun leda. Idan aka zuba auduga a buhun taki, zare ɗaya ya shige ciki, injin gurza zai yayyaga shi. Leda ba ta shan rini, sai an gama saƙa an rina sannan farin layi ya bayyana a jikin yadi. Don haka masaƙu ke girka kyamarori masu hure baƙon zare, amma farar leda cikin farar auduga tana wahalar da su, kuma masu saye kan rage kuɗi ga ƙasar da ta yi suna da wannan matsala.

Abin da idon na'ura ba ya gani

Kada a ɗauka na'urar ta gama komai. Ba ta auna danshi, ba ta ganin maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa, wanda ɗakin gwaji ne kawai ke iya gano shi. Tana kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki da ƙwararren mai saiti, in ba haka ba ta zubar da mai kyau tare da marar kyau. Wannan ne ya sa ba ta kori mata masu tsinta gaba ɗaya ba, ko da yake ta rage yawan hannun da ake nema.

Shawara ga 'yan kasuwa

A shanya yazawa kwana biyu zuwa uku kafin a ɗura, a sa ta a buhun garara ba na leda ba, a ɗora kan katako nesa da bango. Kada a gauraya tsohon kaya da sabo, kada a haɗa na gonaki daban-daban kafin a gwada. Mai riɗi ya sheƙe a kan tamfol, mai auduga ya nemi buhun yadi. Wanda kuma ya saba ƙara yashi ko yayyafa ruwa don sikeli ya yi nauyi, ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne: abin da ya wuce idon dillali a Jugu ba zai wuce idon na'ura ba, kuma idan aka dawo da mota guda, sunan 'yan zango gaba ɗaya ne ke ɓaci. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.