Korona A Kafanchan: Ciniki Ko Jinyar Yara?

A watan Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe makarantu saboda annobar korona, in ban da azuzuwan masu jarrabawar ƙarshe, ba a fara buɗe su ba sai watan Oktoba, daidai lokacin da kakar citta ke kamawa a Kafanchan da kewayenta. Nan fa iyaye mata 'yan kasuwa suka shiga tsaka mai wuya. Zazzaɓin cizon sauro da na korona kamanninsu kusan ɗaya, don haka yaron da jikinsa ya yi zafi sai ya zauna gida, uwa ta rufe rumfa ta kama jinya.

Ma'aikacin gwamnati albashinsa na nan. Mai sayar da citta kuwa, in ranar kasuwa ta wuce ta, dillalai sun saya wurin wasu, kuɗin magani kuma daga jarinta zai fito.