Kiran da ba a amsa ba, amma ya buɗe wa ɓarawo waya

A watan Mayu na 2019 kamfanin WhatsApp ya buƙaci duk masu amfani da manhajarsa da su gaggauta sabunta ta, bayan da ya gano cewa ana shiga wayoyin mutane ta hanyar kira kawai. Ko mai wayar bai amsa ba, aikin ya gama, sau da yawa ma kiran kan ɓace daga jerin kiraye-kirayen da aka yi masa. Kamfanin ya ce an kai wa wayoyi kimanin 1,400 wannan hari domin dasa masu manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani bishop da ƴan adawa a ƙasar Togo.

To, ta yaya kira zai buɗe waya? Duk abin da ke tafiya a intanet, murya ce ko hoton kaya ko rasit, ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, a tura su ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ke karɓa takan ware wa kowane ƙunshi wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwarta, kamar yadda mai awo ke ajiye tiya ya jira a zuba gero. Idan wanda ya rubuta manhajar ya manta bai sa ta auna ƙunshin kafin ta juye shi ba, sai mugu ya aiko da wanda ya fi ƙarfin wurin, rarar ta malale kan abin da ke kusa. Matsalar ita ce, abin da ke kusa ɗin yana iya zama umarnin da ke gaya wa wayar aikin da za ta yi na gaba. Shi kuwa mugun ya riga ya tsara rarar tasa ta zama sabon umarni, sai wayar ta bi shi tana zaton na mai gidanta ne. A WhatsApp, ɓarakar tana cikin sashen da ke karɓar ƙunshin kira ne, wanda ke fara aiki tun wayar tana ƙara.

Wannan ciwo tsoho ne, kuma a 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa duk shekara na da nasaba da sarrafa ƙwaƙwalwar na'ura.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Pegasus da mai sayar da albasa a Birnin Konni ko dillalin awaki a Maigatari, kuma yana da gaskiya, domin kaya ne mai tsada da ake tanada wa ƴan jarida da ƴan siyasa. Sai dai da zarar an fallasa irin wannan ɓaraka, kowa na iya gwada sa'arsa. Ranar 25 ga Janairu 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Slammer, wadda duk girmanta ƙunshi ɗaya ne da bai wuce haruffa 376 ba, ta kama kwamfutoci kusan 75,000 cikin minti goma ba tare da ta zaɓi kowa ba. Intanet ya tsaya cik a Koriya ta Kudu, na'urorin cirar kuɗi kimanin 13,000 na Bank of America a Amurka suka daina aiki. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da maganin tun watan Yulin 2002, wata shida kafin nan, masu kwamfutocin ne ba su ɗora ba.

A nan ne zancen ya iso kasuwa. Wayar ɗan kasuwa ita ce littafin bashinsa, a ciki ake tsayar da farashi, a ciki lambar sirri ta tura kuɗi ke shigowa. Amma da yawa kan ƙi sabunta manhaja don tsimin data, wasu kuma su karɓi tsohon kwafi ta Xender a rumfar masu caji, ko su ɗora GB WhatsApp, wanda ba na kamfanin ba ne, gyaran kamfanin kuma ba ya isa gare shi. A ɓarakar 2019, duk mai Android da WhatsApp ɗinsa bai kai lamba 2.19.134 ba a buɗe yake, ko da bai taɓa latsa wani baƙon saƙo ba. Gyaran kyauta ne a Play Store, kuɗin data kawai yake ci.