Natsuwa a Zanen Karkara: Misali Daga Aikin John Constable



Yawancinmu in aka nuna mana zane, da mun gane itace da gida da doki sai mu wuce. Amma kamar yadda manazarcin waƙa ba ya tsayawa ga jigo sai ya duba salo, haka ya kamata mai kallo ya tambayi kansa: wane hali zanen nan ya sa ni, kuma ta wace hanya?

Mu ɗauki misalin zanen da John Constable, mutumin Ingila, ya yi a 1821, wanda ake kira The Hay Wain, wato amalanken ɗaukar ciyawa. Yana rataye a babban gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan. A cikinsa dawaki na jan amalanke a tsakiyar ruwan Kogin Stour, ga gidan manomi daga hagu, ga kare a bakin gaɓa.

Natsuwar da ke ciki da dabara aka gina ta. Da farko, lokacin tsakar rana ne, sa'ad da zirga-zirga ke lafawa. Na biyu, babu mai gaggawa: dawakin na tafiya sannu, ruwan kuwa a kwance yake. Na uku, ido yakan taso daga inuwar itatuwa mai duhu a hagu, ya fita zuwa fili mai haske a dama, sai mutum ya ji kamar ya sauke numfashi. Gizagizai da suka cika sama su ke raba hasken da inuwar.

Sai dai a lura, a Landan Constable ya yi wannan aiki, yana begen wurin da ya tashi, inda mahaifinsa ke da injin niƙa. Masu yankan ciyawa kuwa, can nesa ya sa su, da ƙyar ake ganinsu. Alhali a 1816 talakawan gabashin Ingila sun yi bore saboda tsadar abinci, a 1822 kuma leburorin gona sun farfasa injinan sussuka.

Saboda haka, mu da muka bar ƙauye muka zauna ofis, mu ji daɗin irin wannan zane, amma mu riƙa tambayar wahalar wa aka tura nesa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.