Tseren dogon zango: abin da sabon shiga zai yi kafin ranar gasa

Tun da aka fara gasar gudun yada-ƙanin-wani ta birnin Ikko a shekarar 2016, wadda aka saba yi cikin watan Fabrairu, muna jin samarin kasuwanninmu na kan iyaka suna cewa su ma za su gwada. Hujjarsu ita ce wanda ya wuni yana sauke buhunan masara daga mota ba zai rasa ƙarfin gudu ba. To, a nan ne muke da ja, domin ƙarfin ɗaukar kaya daban, jimirin gudu daban.

Tsawon wannan tsere, wanda ake kira marato, kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan rabin hanyar Maraɗi zuwa Katsina. Wannan awo ya samo asali ne daga wasannin Olamfik na Landan a 1908. Ɗan Kenya Kelvin Kiptum ya cinye shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a birnin Cikago a 2023, amma sabon shiga yakan kwashe awa 4 zuwa 6 yana kan hanya.

Masu horar da 'yan tsere sukan ware mako 16 zuwa 20 na shiri, kuma wannan ga wanda ya riga ya saba gudu ne. Wanda bai taɓa ba sai ya fara da haɗa gudu da tafiya, minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, kwana uku a mako, har ya iya rabin awa bai tsaya ba. Daga nan ya riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Dalili kuwa shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyi suna jan lokaci. Sai mutum ya ji numfashinsa ya daidaita ya ɗauka ya ƙware, ya ninka tafiyar, ƙaurinsa ko gwiwarsa ta kwantar da shi. Ga ɗan kasuwa wannan asara biyu ce, ba tsere, ba rumfa.

Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ya sarƙe ka ba. Mun san wannan yana da wuya ga matashi, musamman in 'yan tasha na kallo, amma haka abin yake. Sau ɗaya a mako a yi doguwar fita, ana tsawaita ta har ta kai kilomita 30 ko 32, sannan a sassauta mako biyu zuwa uku kafin gasa. A ranar tseren, wajen kilomita 30 ne makamashin da jiki ya adana yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Shi ya sa ake koyon cin dabino ko ayaba da kurɓar ruwa ana cikin gudu tun lokacin atisaye.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne. A watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, don haka a fita da sanyin asuba, kafin a buɗe kasuwa. Mai zazzaɓin cizon sauro ya haƙura sai ya warke sarai, mai hawan jini kuma ya fara ganin likita.

Batun takalmi, ana yawan kawo mana misalin Abebe Bikila na Habasha da ya lashe zinariya a Rum a 1960 ba takalmi. Shi soja ne da ya daɗe yana horo. Na gwanjo ma ya isa in tafinsa bai cinye ba, sai dai a saba da shi tukuna, kada a sa sabo ranar gasa.

'Yan uwanmu na Kamaru suna da tasu gasar a Buya, ta hawan Dutsen Kamaru, wadda aka fara a 1973, inda Sarah Etonge ta yi nasara har sau 7. Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, saboda haka sabon shiga ya bar ta sai gaba, ya fara neman tseren kilomita 10.