Maƙoƙo da Ciwon Tayirod a Jikin Dattawa

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci ke kira tayirod. Ruwan da take zubawa cikin jini shi ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da yadda jiki ke sarrafa abinci. Kumburinta shi ne maƙoƙo. Rashin sinadarin aidin na kawo shi, shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa aidin cikin gishiri a 1993.

Abin takaici, ciwonta a jikin dattawa yakan ɓuya a bayan tsufa. In aikinta ya ragu, sai a ga kasala, da jin sanyi, da taurin bayan gida, da mantuwa, har iyali su ce ruɗin tsufa ne. In aikin ya yi yawa kuwa, tsoho yakan rame, zuciyarsa ta riƙa bugawa barkatai, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Gwajin jini na TSH shi ke raba gardama.

Mai ƙarancin ruwan akan ba shi ƙwayar levothyroxine, ya sha da ruwa da sassafe, aƙalla minti 30 kafin karin kumallo, ya kuma bar tazarar awa 4 tsakaninta da maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi. Likita yakan fara wa dattijo da kaɗan, sa'an nan ya sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8, domin yawanta na wahalar da zuciya, yana kuma raunana ƙashi. Mai shan carbimazole saboda yawan ruwan, in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama shi, sai ya dakata da sha ya tafi asibiti a ranar.

Ƙulluto a wuya ya fi yawa ga mata da tsofaffi, kuma kamar 9 cikin 10 ba ciwon daji ba ne. Akan duba shi da na'urar hoton sauti, wani lokaci a zuƙo kaɗan da siririyar allura a bincika. Da yawa sa ido kawai suke bukata, ba fiɗa ba. Amma wanda ya yi tauri, ko ya girma da sauri, ko ya dushe murya, ko ya hana haɗiya da numfashi, ba ya jira. Kada a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga ko sakiya, gama manyan jijiyoyin jini na wuya suna dab da wurin.