Saƙon Da Ke Aika Kansa: Yadda Manomi Zai Riƙe Masu Sayen Amfaninsa

 A filin nan mun saba yin magana a kan iri da taki da maganin ƙwari. Yau za mu duba abin da ke biyo bayan girbi, watau neman mai saye. Kowa ya san halin da mai tumatir na Kadawa ko Kura ya kan shiga idan kaya suka nuna gaba ɗaya cikin rani. Tumatir ba ya jira. In kwando ya kwana biyu ba mai saye, sai manomi ya karɓi abin da dillali ya yanka masa, ko kuwa ya yanyanka ya shanya.

Ba sabon abu ba ne waya ta taimaki kasuwar amfanin gona. Wata malama Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa da wayar hannu ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, ɗan kasuwa ya kan ji farashi tun bai ɗora kaya a mota ba. A Nijeriya ma, cikin 2012 Gwamnatin Tarayya ta riƙa aika wa manoma saƙo ta waya don su je su karɓi taki da iri mai rahusa. To, abin da ya rage shi ne manomi ya zama shi ne mai aikawa.

RUBUTA SUNAN MAI SAYE

Farkon aikin ba ya bukatar intanet. Littafi ne na makaranta da biro. Duk wanda ya sayi kayanka, ka tambaye shi sunansa da lambarsa da garinsu, ka rubuta abin da ya saya da watan da ya saya. Sa'an nan ka ce masa, "In kaya suka nuna, in sanar da kai?" In ya yarda, ka sa alama. In bai yarda ba, ka ƙyale shi. Mutum 30 waɗanda suka taɓa biyanka kuɗi sun fi lamba 1,000 da ka tsinta a wani wuri. Wannan littafi dukiya ce, a adana shi kamar yadda a ke adana iri.

YADDA SAƘON KE AIKA KANSA

Manomi yana gona tun asuba, hannunsa duk laka, ba shi da halin amsa kowa. Anan ne na'ura ke da amfani. Cikin 2018 aka fito da WhatsApp Business, wanda aka yi musamman don masu ƙaramar sana'a, kuma ba a biyan kuɗin sauke shi. A ciki mutum zai rubuta saƙon maraba sau ɗaya, duk baƙon da ya yi masa magana sai saƙon ya tafi da kansa. Akwai kuma saƙon da ke fita idan ba ka kusa, misali, "Ina gona, zan kira ka bayan Azahar. Akwai albasa buhu-buhu." Akwai wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Ana kuma iya tara har mutum 256 cikin jeri guda, a aika musu saƙo ɗaya, kowa ya samu kamar shi kaɗai aka rubuta wa. Amma fa sai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ne saƙon zai isa gare shi. Saboda haka ka roƙe shi ya ajiye tun kuna tsaye a bakin gona. Wanda karatu ya ba shi wahala ya aika da murya.

Imel kuwa wasiƙa ce ta intanet, kuma ita manyan masu saye suka fi so: otel-otel, da kamfanonin abincin kaji, da masu fitar da riɗi da citta da zoɓorodo zuwa ƙasashen waje, don suna son komai a rubuce. Akwai kamfanoni, irin su Mailchimp, da ke riƙe wa mutum jerin adireshi, ya rubuta wasiƙa yau ya sa ranar da za ta tafi. Ƙungiyar manoma za ta iya shirya wasiƙa uku tun damina. Ta farko ta tafi mako uku kafin girbi, ta faɗi irin kayan da yawan da a ke sa rai. Ta biyu ranar da aka fara awo, da farashi da hoto. Ta uku bayan kaya sun isa, a yi godiya a tambayi ko akwai kuka. Wannan aiki ya fi dacewa da ƙungiya, a sa wani yaro mai ilmi ya riƙe shi, domin mai sayen mota guda ba zai bi manomi mai buhu biyar ba.

ALKAWARI KAYA NE

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Na'ura ba ta san ƙanƙara ta faɗi ba, ba ta san ka riga ka sayar ba. Abin da ka rubuta shi za ta yi ta maimaitawa. A ce saƙonka yana cewa akwai albasa, wani ɗan kasuwa ya ɗauko mota daga nesa ya tarar babu, ka rasa shi, ka rasa duk wanda zai ba labari. Saboda haka duk ranar kasuwa a duba saƙon a gyara, a kuma sa kwanan wata a jikin farashi. Hoto ya zama na kayanka ne, na yau. A faɗi ma'auni sosai, ko tiya ce, ko kwando, ko buhu mai kilo nawa, don buhun Dawanau da na wani gari ba lalle su zo ɗaya ba. Wanda ya ɗora manya a bakin buhu ya cika ƙasa da ƙanana, waya za ta yaɗa sunansa da sauri fiye da yadda ta yaɗa tallarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada kuma a dami mutane. Saƙo ɗaya a mako lokacin kaka ya isa, in babu kaya a yi shiru. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ba jama'a lamba 2442 don su toshe saƙon talla da ba su nema ba. A WhatsApp, in mutane da yawa suka kai ƙarar lamba, ana iya rufe ta. A imel kuwa, wasiƙar ta kan faɗa akwatin shara ba wanda zai gani. Cikin 2023 kuma an kafa dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ba mutum ikon hana a riƙa aika masa talla. Wanda ya ce a cire sunansa, a cire nan take, kada kuma a ba wani lambobin da aka ba ka amana.

Abu na ƙarshe, a yi hattara da 'yan damfara masu aiko da saƙon banki na ƙarya. Kada mota ta tashi sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun shiga. Baƙon da ba ka taɓa ciniki da shi ba, ya ba da kafin alƙalami.

To manoma, kada a jira sai kaka. A sayi littafin nan a wannan mako, a fara da sunayen waɗanda suka saya bara. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai kyau, amin.