Darasi na 14: Yadda Ake Sauya Famfon Mai a Motar Jif

Ɗalibai, kun san motar jif. Ita ce doguwar motar nan mai ƙarfi wadda ke iya bin hanya marar kyau, kamar Toyota Highlander da Honda CR-V. Duk girmanta, akwai wata ƙaramar na'ura da ke iya tsayar da ita cik. Sunanta famfon mai. A wannan darasi za ku koyi aikinsa, da abin da ke kashe shi, da yadda kanikawa ke sauya shi.

Aikin famfon mai

Tankin mai yana baya, inji kuma yana gaba. Famfo ne ke tura fetur daga tanki, ta cikin siririn bututu, har zuwa inji. Yana aiki da wutar batir. A yawancin motocin zamani, famfon yana nutse cikin fetur a tanki. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin darasinmu. Fetur ɗin ne ke sanyaya famfo yayin da yake aiki. Shi ne kuma ke sa sauya famfon ya zama aiki mai haɗari.

Me ke kashe shi?

Abu na farko shi ne yawan tafiya da mai kaɗan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, fetur ya yi tsada, direbobi da yawa sukan sayi 'yan litoci kawai. Idan mai ya yi ƙasa sosai, famfo yakan yi zafi, ya kuma zuƙi iska. Abu na biyu shi ne gurɓataccen mai, irin wanda ya shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2022 ya lalata motoci. Na uku, datti da tsatsa da ke toshe rariyar famfon.

Alamomin mutuwarsa

Mota takan yi wuyar tashi da safe. Takan rasa ƙarfi a kan tudu, ko ta mutu a tsakiyar titi. Amma bakanike nagari ba ya gaggawar sayen sabon famfo. Yakan murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya kasa kunne kusa da tanki. Lafiyayyen famfo yakan yi 'yar ƙara ta kamar daƙiƙa biyu. In bai ji komai ba, sai ya duba fiyus da wayoyi tukuna. Wani lokaci fiyus ne kawai ya ƙone, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Matakan sauyawa

Da farko, a ajiye motar a fili mai iska, nesa da wuta da taba da masu walda. A tanadi yashi ko tukunyar kashe gobara, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur.

Na biyu, a cire fiyus ɗin famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa. Yin haka yana rage ƙarfin man da ke cikin bututu, don kada ya fesu a fuskar mai aiki. Daga nan a kwance wayar batir mai alamar ragewa.

Na uku, a nemo famfon. A wasu motoci, kamar CR-V, akwai murfi a daben motar ta wajen kujerar baya. A wasu kuwa, dole a sauke tanki. Kafin a sauke shi sai a zuƙe man, saboda fetur lita 70 ya haura kilo 50.

Na huɗu, a goge ƙurar da ke kewaye da bakin tanki. A cire wayoyi da tiyo, a kwance abin da ya ɗaure famfon, a zaro shi a hankali. Yana tare da wani siririn ƙarfe mai auna yawan mai. Idan ya lanƙwashe, gejin mai zai riƙa yi wa direba ƙarya.

Na biyar, a sa sabon famfo da sabuwar rariya da sabuwar robar baki. Tsohuwar roba takan yi yoyo. A mayar da komai wurinsa, a haɗa batir, a murɗa makulli sau biyu ko uku don mai ya cika bututu. Sannan a tayar da mota, a duba ko akwai yoyo ko warin fetur.

Ana samun famfo a kasuwannin kayan mota, kamar Ladipo a Legas, da Nkwo a Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano. Mai saye ya tafi da tsohon don a gwada, ya kuma tuna cewa araha ba ta ado. Ku kuwa, wannan ba aikin da za ku taɓa ku kaɗai ba ne. Abin da za ku iya shi ne ku tunatar da iyayenku kada su bari mai ya gaza rubu'in tanki. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sababbin kalmomi

Bakanike: mai gyaran mota. Jam'insa kanikawa.
Rariya: abin tace datti.
Yoyo: ɗigar mai ko ruwa ta wata kafa.
Rubu'i: kashi ɗaya cikin huɗu.

Tambayoyi

1. A ina famfon mai yake?
2. Kawo abubuwa uku da ke kashe shi.
3. Don me ake cire fiyus kafin a fara aiki?
4. Yi jimla da kowace kalma: zuƙe, toshe, lanƙwashe.